Ranar Rauni a Diyyar Ciwon da Aiki Ya Tara: Dokar Kalifoniya

Ranar rauni ita ce ranar da doka ta ɗauka cewa ma'aikaci ya samu ciwo saboda aikinsa. Idan mutum ya faɗo daga tsani, babu gardama, ranar faɗuwar ce. Wahalar tana ga ciwon da ke taruwa sannu a hankali, kamar bayan mai ɗaukar kaya da ya lalace bayan shekaru, ko wuyan hannun mai buga kwamfuta, ko kunnen da ƙarar inji ta kashe. A jihar Kalifoniya ta Amurka, sashe na 3208.1 na Dokar Ƙwadago ya bambanta irin wannan ciwo da raunin lokaci ɗaya.

Sashe na 5412 ne ya yanke ranar. Sai abu biyu sun haɗu: ciwon ya kai ga nakasa, sannan ma'aikacin ya sani, ko ya kamata a ce ya sani, cewa aikinsa na yanzu ko na baya ne sanadi. Ranar da duka biyun suka cika, ita ce ranar rauni.

Kotuna sun daɗe suna fayyace waɗannan sharuɗɗa. A shari'ar Rodarte ta 2004, kotun ɗaukaka ƙara ta ce zuwa asibiti kaɗai ba nakasa ba ne. Sai ciwon ya hana aiki har an rasa albashi, ko ya bar tawaya ta dindindin. Game da sani kuwa, shari'ar birnin Fresno ta 1985 ta nuna cewa galibi ba a ɗora wa ma'aikaci sanin sanadin ciwonsa sai likita ya faɗa masa. Wannan adalci ne, domin lebura ba shi da ilimin da zai gane cewa zogin kafaɗarsa daga aiki yake, ba tsufa ba.

Kuɗi da haƙƙi duk sun rataya ga ranar. Daga ita ake fara ƙirga wa'adin shekara 1 na shigar da ƙara a ƙarƙashin sashe na 5405. Sashe na 5500.5 kuma ya ɗora biyan diyya a kan waɗanda suka ɗauki ma'aikacin aiki, da kamfanonin inshorarsu, a shekarar ƙarshe kafin ranar rauni ko kafin ya daina aikin da ke cutar da shi, duk wanda ya riga zuwa. Shi ya sa kamfanonin inshora ke jayayya a kan wata ɗaya tak, kowa na neman ture nauyin ga wanda ya gabace shi ko ya biyo bayansa.