Hoton cikin jijiyoyin zuciya wajen maganin toshewar gaggawa

Hoton cikin jijiyoyin zuciya dabara ce ta ganin bangon jijiya daga ciki. Likita kan zura siririyar na'ura mai kaurin kusan milimita ɗaya ta jijiyar wuyan hannu ko ta saman cinya har ta isa jijiyar da ke shayar da tsokar zuciya, sannan a janyo ta a hankali tana ɗaukar hoto. An fi jin amfaninta wajen buɗe jijiyar da ta toshe farat ɗaya, ciwon da jama'a ke kira bugun zuciya.

Tun 1977, lokacin da Andreas Grüntzig ya fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a Zurich, likitoci sun dogara ne da anjiyogiram: a zuba ruwan rini cikin jijiya, a haska shi da hoton ƙashi. Wannan hoto inuwar hanyar jini kawai yake nunawa. Yana faɗin inda ta ƙuntata, amma ba ya faɗin abin da ke cikin bangon, kuma a bangon ciwon yake.

Na'urorin hoton cikin jijiya iri biyu ne. Ta farko, IVUS, da sauti take aiki, kamar sikanin da ake yi wa masu juna biyu, sai dai daga cikin jijiya. An samar da ita a ƙarshen shekarun 1980, kuma Paul Yock na Amurka yana cikin waɗanda suka assasa ta. Tana ratsa bango da nisa, tana nuna ainihin faɗin jijiya. Ta biyu, OCT, da haske take aiki. Ƙungiyar James Fujimoto a cibiyar MIT ce ta bayyana ta a 1991, kuma a asibitin ido ta fara samun gindin zama. Hotonta ya fi na IVUS fitowa tar kusan sau goma, amma ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 cikin bango, sannan dole a yi amfani da rini a kore jini kafin a ɗauka. Shi ya sa ga mai ciwon ƙoda, wanda rini ke iya cutarwa, akan fi son IVUS.

A toshewar gaggawa, tambayar farko ita ce me ya jawo gudan jinin. Mafi yawanci daskararren kitsen da ke bango ne fatarsa ke fashewa. A wasu marasa lafiya bai fashe ba, samansa ne ya saɓule, a wasu ƙalilan kuma ƙullin kalsiyam ne ya turo ciki. Akwai ma wanda bangon jijiyarsa ne ya tsage da kansa, abin da aka fi gani a mata masu matsakaicin shekaru. A anjiyogiram waɗannan na iya kama da juna, alhali maganinsu ba lallai ya zo ɗaya ba. Wani ƙaramin bincike a Harbin ta China, EROSION, ya nuna wasu masu saɓulewar bango sun samu sauƙi da magungunan hana daskarewar jini kaɗai, ba tare da an sa musu ragar ƙarfe mai tokare jijiya ba, ko da yake hakan bai zama ƙa'ida ga kowa ba.

Babban aikin hoton yana wajen sa ragar ƙarfe mai tokare jijiya, wato sitent. Da shi ake auna faɗi da tsawon ragar, a san ko sai an farfasa kalsiyam tukuna, bayan an sa ta kuma a duba ko ta buɗu sosai, ko ta manne da bango, ko bakinta ya yage jijiya. Raga da ba ta buɗu ba ita ce kan gaba wajen sake toshewa. Antonio Colombo na Milan ya nuna haka a 1995: ragogi da yawa da anjiyogiram ya ce sun zauna, IVUS ya nuna a matse suke.

Hujja mafi ƙarfi ga masu toshewar gaggawa ta zo a 2024 daga binciken IVUS-ACS, mai marasa lafiya 3,505 a China, Italiya, Pakistan da Birtaniya. Cikin shekara guda, kashi 4 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki da IVUS ne jijiyar ta sake ba su matsala, yayin da rukunin da aka yi wa aiki da anjiyogiram kaɗai ya kai kashi 7.3. Labarin OCT bai miƙe haka ba: a 2023 binciken OCTOBER ya ga amfaninta a mararrabar jijiyoyi, shi kuwa ILUMIEN IV ya ga ragogi sun fi buɗuwa amma bai ga bambanci mai ƙarfi ba a yawan waɗanda jijiyar ta sake ba su matsala. Duk da haka, ƙa'idojin likitocin zuciya na Amurka na 2025 sun ɗora hoton a matakin shawara mafi girma idan toshewar tana babbar jijiyar hagu ko tana da sarƙaƙiya.

Amfani da shi ya bambanta ƙwarai tsakanin ƙasashe. A Japan, mafi yawan ragogi da hoton ake sa su. A wurare da dama kuwa tsadar na'urar, wadda sau ɗaya ake amfani da ita a yar, da ƙarancin masu iya karanta hoton ne ke hana shi yaɗuwa.