Baƙar fata da ƙarin girma a kamfanonin Amurka: amsoshin tambayoyin da na gaji da maimaitawa

Na daɗe ina aiki a manyan kamfanoni a Amurka, kuma duk ɗan'uwan da ya sami sabon aiki, ko ya shekara biyar a kujera ɗaya ba motsi, sai wani ya ba shi lambata. Tambayoyin ba sa canzawa. Ga su nan da amsoshinsu, don Allah a karanta kafin a kira ni.

Wai da gaske launin fata yana hana ƙarin girma, ko dai ƙorafi ne kawai?

Da gaske ne. Binciken da kamfanin McKinsey ya fitar a 2021 ya nuna baƙar fata su ne kashi 12 cikin 100 na ƙananan ma'aikata a kamfanonin da aka duba, amma da aka zo kan manajoji sai suka koma kashi 7. A matakalar farko ake zubar da mu. Mu wuce wannan.

In na duƙufa kan aikina na yi shiru, ba za a gani ba?

Ba za a gani ba, ƙanena. Na san yadda aka raine mu: kunya, kawaici, yabon kai jahilci. Tarbiyya ce mai kyau, amma ɗakin da ake raba ƙarin girma ba ya aiki da ita. Na zauna a irin wannan ɗaki. Manajoji takwas ko goma kewaye da tebur, jerin sunaye a kan allo, kowane suna bai wuce minti biyu ko uku ba. In aka zo kanka, manajanka zai faɗi abin da ya tuna, kuma abin da ya tuna bai wuce na makonni shida da suka shige ba. Daren da ka kwana kana gyara lissafin da ya kusa jawo wa kamfani asara a watan Maris, in ba a rubuce yake ba, ya bi iska.

Kowace Juma'a ka buɗe fayil ka rubuta layi uku: me na yi, nawa ya kawo ko nawa ya hana a kashe, wa ya shaida. Duk wata ka taƙaita ka aika wa manaja ta imel. Ba a fafe gora ranar tafiya, kar ka jira makon tantance ma'aikata sannan ka fara lalube.

Ina da mai ba ni shawara a ofis. Bai isa ba?

Bai isa ba. Mai ba da shawara da kai yake magana. Wanda kake bukata shi ne mai magana a kanka lokacin da ba ka nan, babba wanda zai ce “ku ba shi wannan aikin, in ya lalace ku tuhume ni”. Uwa a gindin murhu ke nan.

Dubi Ursula Burns. Ta shiga Xerox a 1980 tana ɗalibar injiniya mai koyon aiki. A 1990 wani babban jami'i, Wayland Hicks, ya ɗauke ta mataimakiya ta musamman, bayan nan ta yi irin wannan aikin wa shugaban kamfanin, Paul Allaire. A 2009 ta zama baƙar fata mace ta farko da ta shugabanci ɗaya daga cikin manyan kamfanoni 500 na Amurka. Ƙwazonta ba abin musu ba ne, amma manya sun gan shi da idonsu, kusa-kusa, shekara da shekaru. Kuma irin wannan mutum ba a roƙonsa. Ka gano abin da ke hana shi barci a sashensa, ka warware masa, ka sake warware masa wani. Kar ka ce lallai sai baƙar fata irinka. Su kaɗan ne a sama, kuma kowa a kansu yake rataye.

In sauya sunana a takardar neman aiki?

Ni ban sauya ba, kuma ba zan zargi wanda ya taƙaita nasa ba. A 2004 masana biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, suka wallafa sakamakon takardu kusan 5,000 da suka aika wa kamfanoni a Boston da Chicago: masu sunan farar fata sun fi samun kira da kusan kashi 50 cikin 100. A Ingila ma, binciken kwalejin Nuffield ta jami'ar Oxford a 2019 ya gano masu asali daga Najeriya sai sun aika takardu da suka fi na Bature yawa da kusan kashi 80 cikin 100 kafin su sami kira daidai da nasa. Amma sauya suna ƙofar farko kaɗai yake buɗewa, ranar ganawa fuskarka za a gani. Ka fi samun riba in wani na ciki ya miƙa takardarka da hannunsa.

Kitsona fa, da mayafina, da sallar Juma'a?

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 ta wajabta wa kamfani ya sarara wa ma'aikaci kan addininsa, matuƙar ba zai ɗora masa nauyi mai yawa ba. Kan gashi kuwa, jihar Kalifoniya ta fara haramta nuna bambanci a 2019, jihohi da yawa suka biyo baya. Ki sa lokacin sallarki a jadawalin ofis kowa ya gani. In an fita walima bayan tashi, ki je ki sha lemonki, ki gaisa da mutum uku, ki tafi gida. Rashin zuwa gaba ɗaya shi ke cutarwa.

Sau uku manajana yana tsallake ni, yana ɗaga waɗanda ni na koya musu aiki. In kai ƙara ofishin kula da ma'aikata?

To, wannan ita ce tambayar da ba na son a yi mini ta a tsaye, don amsarta ta dogara da abubuwa da yawa, kuma ni ba lauya ba ne.

Da farko ka sani, wancan ofishin kamfani ne ke biyan albashinsu, kuma kamfani suke karewa. Akwai mutanen kirki a ciki, na ga waɗanda suka tsaya wa ma'aikaci tsayin daka. Amma sun fi motsi in ka kawo musu abin da zai iya jawo wa kamfani shari'a. In ka shiga da “ina ji a jikina ba ya sona”, za a ba ka ruwa, a saurare ka, a rubuta, wataƙila kuma kafin mako ya zagayo manajan ya ji.

Saboda haka kafin ƙara, ka tambayi manajan kai tsaye, cikin ladabi: me ya rage mini, kuma zuwa yaushe? Ni ma an taɓa tsallake ni a wani kamfani. Da na tambaya, sai manajan ya ce ba ni da kwarjinin shugabanci. Na ce ya ba ni misali ɗaya, wane mitin ne, me na yi, me ya kamata in yi. Ya juya alƙalaminsa a kan tebur ya fi sau biyar, ya ce zai yi tunani. A ranar na aika masa imel na rubuta abin da muka tattauna, na gode masa, na ce ina jiran misalin. Bai taɓa kawowa ba. Wannan shirun ya gaya mini abin da nake son sani. Amma a yi adalci, wani manajan zai lissafa maka abubuwa uku na gaskiya, kuma za su yi maka ɗaci. In haka ta faru, ka gyara su, ka komo bayan wata shida da shaida a hannu. Ba kowane tsallakewa ne wariya ba, wanda kuma ya kasa jin gyara shi ma ya zaunar da kansa.

In ka tabbata akwai wariya, wato kana da ranaku, da kalaman da aka furta, da sunayen waɗanda aka ɗaga masu ƙasa da kai a aiki, to lissafin ya canza. Doka ta haramta wariyar, ta kuma haramta ramuwar gayya kan mai ƙara. Sai dai ka sani, a hukumar EEOC mai sauraron irin wannan ƙara, ƙorafin ramuwar gayya ne ya fi kowane yawa. Ma'ana ana yi duk da hanin. Kuma kusan duk jihohin Amurka, ban da Montana, kamfani na iya sallamar ma'aikaci ba tare da ya faɗi dalili ba, sai kai ne za ka sha wahalar nuna cewa dalilin haramtacce ne. Akwai kuma wa'adin kai ƙara gaban hukumar EEOC: kwana 180 daga ranar da abin ya faru, ko 300 a jihohi da dama. Mutane da yawa suna ta haƙuri har lokacin ya wuce. Don haka ka ga lauyan ƙwadago kafin ka shiga ofishin kula da ma'aikata, ba bayan ka fito ba. In za ka kai ƙarar, ka kai ta a rubuce, ka ambaci launin fata ƙarara, don ƙorafin “ba a kyauta mini ba” kawai ba lallai ya sami kariyar doka ba.

Abu biyu kar ka yi. Kar ka kwashi takardun sirrin kamfani ka tura imel ɗinka na gida, da wannan kaɗai za a kore ka kuma a yi nasara a kanka. Kar ka naɗi muryar kowa a ɓoye sai ka san dokar jiharka, don a Kalifoniya da wasu jihohi sai da yardar kowa.

Sannan bizarka. In kana kan bizar aiki ta H-1B, ranar da aiki ya ƙare kana da kwana 60 kacal ka sami wani ko ka tattara. Mai iyali a wannan hali ba zan ce masa ya yi fito-na-fito ba, kuma ba ragwanci ba ne. Sau da yawa abin da ya fi shi ne ka nemi komawa wani sashe a cikin kamfanin, ko ka sami takardar ɗauka daga wani wuri tukuna. Ni sashe na sauya, bayan wata takwas. Wata 'yar'uwa da na sani ta kai ƙara ta yi nasara, amma ta shekara biyu ba ta barci mai kyau. Ba zan zaɓa maka ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai na yi digirin MBA, wato digiri na biyu kan tafiyar da kasuwanci?

In kamfani zai biya, ko makarantar tana cikin waɗanda manyan kamfanoni ke zuwa ɗibar ɗalibai, yi. In bashi za ka ci don wata makarantar da ba a sani ba, bari.

An ce in shugabanci ƙungiyar baƙar fata ta ofishinmu. In karɓa?

Ƙungiyoyin nan suna da asali mai daraja, tun daga wadda ma'aikatan Xerox suka kafa a 1970. Ka karɓa na shekara ɗaya, in zai zaunar da kai da manya, kuma in manaja ya yarda a rubuce cewa za a lissafa shi cikin aikinka. Abin da ke ɓata mini rai shi ne ganin haziƙan yaranmu sun ƙare a shirya taro da odar abinci, abokan aikinsu kuwa suna riƙe da sashen da ke kawo kuɗi. Kenneth Chenault, baƙar fata, kafin ya shugabanci kamfanin katunan kuɗi na American Express a 2001, harkar katunan kamfanin ya riƙe. Ka nemi wurin da ake ƙirga riba da asara da sunanka.

Tunda ana rushe shirye-shiryen daidaito tsakanin launin fata a kamfanoni, shike nan an rufe ƙofa?

A'a. Gaskiya ne bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2023 da ya hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i, kamfanoni irin su Walmart da Meta da Target sun ja baya. Amma dokar 1964 tana nan. Clifton Wharton, baƙar fata, ya zama shugaban babban kamfanin kuɗin fansho na TIAA-CREF a 1987, kafin yawancin waɗannan shirye-shirye.

Ya halatta in tambayi abokin aiki albashinsa?

Ga yawancin ma'aikatan kamfanoni da ba shugabanni ba, dokar ƙwadago ta 1935 ta ba ka wannan dama. Tambayi farar fata, namiji, mai matsayinka. A Kolorado da birnin New York ma dole kamfani ya rubuta iyakar albashi a tallar aiki.

Ni daga Afirka na zo, ba jikan bayi ba ne. Wannan duk ya shafe ni?

Kar in sake jin wannan magana daga bakin ɗan'uwa. Na ji wasunmu a ofis suna nesanta kansu da baƙar fatar Amurka don su burge Bature, har suna cewa su malalata ne. Kujerar da kake kai, da dokar 1964 da ke kare ka, da dokar shige da fice ta 1965 da ta buɗe wa 'yan Afirka hanya, duk sun biyo bayan gwagwarmayar mutanen nan ne, waɗanda aka daka, aka ɗaure, aka kashe wasunsu. Kuma a ɗakin nan mai allo da jerin sunaye, ba wanda ke tambayar Kano ka fito ko Alabama. Su suka fi ka sanin ƙasar, su suka kafa ƙungiyar akantoci baƙar fata ta NABA a 1969, da ta masu digirin MBA a 1970, da ta injiniyoyi, NSBE, a 1975. Ka duba wadda ta dace da sana'arka, ka biya kuɗin rajista, ka je taronsu na bana da takardunka a hannu.