Ba ƙarfin hannu ke gyara espresso ba

A unguwar Nima da ke Akra na sha jin masu injin espresso (kofi mai kauri da inji ke tura ruwan zafi ta cikin garinsa) a gida suna cewa in kofi ya fito tsararo, to ba a danna garin da ƙarfi ba ne. Kuskure ne. Muddin garin ya zauna daidai, ƙarin dannawa ba ya ƙara komai. Laushin niƙa ne ke riƙe ruwan.

Ni giram 18 na garin kofi nake aunawa, in kashe injin idan giram 36 na ruwan kofi ya sauko, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. In ya zubo da wuri da tsami, niƙan ya yi tsaki-tsaki, sai in ƙara laushi. In yana ɗiga da ƙyar ga ɗaci, in sassauta niƙan. Ko niƙan da ya yi daidai da damina, hunturu na shigowa Akra sai na sake gyara shi.