Tunjere

Tunjere cuta ce da ake ɗauka galibi ta hanyar jima'i, mai juna biyu kuma tana iya sa wa ɗan da ke cikinta. Wata ƙwayar bakteriya mai kama da murɗaɗɗen zare, Treponema pallidum, ita ke haddasa ta. Fritz Schaudinn da Erich Hoffmann suka gano ƙwayar a Jamus a 1905. Annobarta ta farko da aka rubuta ta ɓarke wajen 1495 a Naples ta Italiya, lokacin mamayar sojojin Faransa. Ko daga nahiyar Amurka ta zo, har yanzu ana saɓani.

Matakai

Bayan kamar mako 3 da kamuwa, wani lokaci har kwana 90, sai gyambo ya fito a inda ƙwayar ta shiga: al'aura, dubura ko baki. Yawanci ɗaya ne, zagayayye, mai taurin gefe, kuma ba ya zafi. Rashin zafin nan shi ne babban haɗarinsa, domin idan yana can ciki mutum ba ya ma sanin da shi. Cikin mako 3 zuwa 6 ya kan warke da kansa, ƙwayar kuwa ta riga ta bi jini.

A mataki na biyu ƙuraje ke feso wa jiki, sau da yawa har tafin hannu da tafin ƙafa, ja-ja ko ruwan ƙasa, ba ƙaiƙayi. Akan yi zazzaɓi, kaluluwa, ciwon maƙogwaro, gashi kuma ya zube wuri-wuri. Su ma sukan lafa ba magani.

Daga nan cutar ta yi likimo, ba alama, shekara da shekaru.

Wasu daga cikin waɗanda ba su sha magani ba sukan kai mataki na uku, bayan shekara 10 zuwa 30. A nan take cin fata da ƙashi, ta lalata babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, ta taɓa ƙwaƙwalwa da laka. Ido da kunne kam tana iya kama su a kowane mataki.

Gano cutar

Saboda alamominta na kama da na cututtuka da dama, gwajin jini ake dogaro da shi. August von Wassermann ya fito da na farko a 1906. Yanzu iri biyu ake haɗawa. Iri na farko, gwaje-gwajen da ake kira RPR ko VDRL, suna nuna ƙarfin cutar, adadin da suke nunawa kuma yana sauka idan magani ya ci. Iri na biyu, irin su gwajin TPHA, suna tabbatar da ita, sai dai galibi sukan ci gaba da nunawa har ƙarshen rayuwa, ko an warke. A farkon fitowar gyambo jini na iya fita lafiya lau, shi ya sa ake maimaita gwajin. Idan ana zargin ta kai ƙwaƙwalwa, sai a ɗebi ruwan laka a duba. Ana gwada masu juna biyu tun awon farko.

Magani

Maganinta shi ne allurar fenisilin, wadda aka fara amfani da ita kan tunjere a 1943.