Mene ne dolin taya, kuma me ake dubawa kafin a saya?

Duk mai bibiyar bidiyon Amurkawa masu farfaɗo da tsofaffin motoci ya taɓa ganin wannan abu: mutum ɗaya ya dafa mota da hannu, ya tura ta a kaikaice har jikin bango, ko ya juya ta a inda take tsaye kamar faifai. Abin da ke ƙarƙashin tayoyinta shi ake kira doli.

Kalmar ta Turanci ce, kuma tana nufin duk wani ɗan dandamali mai ƙafafu da ake ɗora kaya mai nauyi a tura. Kusan kura ce, sai dai gajera, ba ta da mariƙi. Dolin taya faranti ne na ƙarfe mai lotsawa a tsakiya, da ƙananan ƙafafu huɗu masu juyawa ko'ina. Kowace taya da nata, don haka mota tana buƙatar huɗu. Kada a haɗa shi da dolin ja, wato ƙaramar tirelar da ake ɗora tayoyin gaba a ja mota a titi. Wannan na cikin gareji ne kawai.

Ana yawan buƙatarsa saboda wata ɗabi'a da ta yi ƙarfi a Amurka. Mutum ya sayi tsohuwar Ford Mustang ko Chevrolet Camaro da ta daina tashi, ya ajiye ta a garejin gida, yana gyara ta Asabar da Lahadi, wani lokacin shekara da shekaru. An sauke injin, birki ya cije, tayoyi sun sace, ga motar cefane tana neman wurin kwana a garejin. Dole matacciyar motar ta matsa gefe, kuma mota ba ta tafiya a kaikaice.

Iri biyu ne. Akwai farantin zalla, wanda sai ka ɗaga motar da jak ka zura shi. Shi ne mai araha, kuma ya wadatar idan motar za ta daɗe a kai. Akwai kuma mai ɗaga kansa: ka rungume tayar da shi, ka riƙa taka feda, sandunansa biyu su matse ta har ta bar ƙasa. GoJak ne ya yi suna a wannan fanni. Yana da tsada, amma mai matsar da motoci kullum ba zai yi da-na-sani ba.

Lambar da ke jikin kwali, wadda ke nuna nauyin da dolin zai iya ɗauka, ita ke ruɗin mutane. Yawanci za ka ga laba 1,000 ko 1,500, wato kimanin kilo 450 ko 680 ga kowane ɗaya. Sai mai saye ya raba nauyin motarsa huɗu ya ce ai ya isa. To nauyi ba ya rabuwa daidai. A motar da injinta ke gaba, kusan kashi 55 zuwa 60 cikin ɗari yana gaba. Motar kilo 1,400 ke nan tana iya ɗora wa kowace tayar gaba kilo 420, dab da iyakar ƙaramin dolin.

Amma ni abin da na fi damuwa da shi ƙafafun ne, domin nan masu ƙera na araha suke rage kuɗi. Faranti ba ya cika karyewa. Ƙafa ce ke ƙin juyawa idan nauyi ya hau ta, sai ka ga mutum uku suna nishi a kan abin da aka saya don mutum ɗaya. A nemi mai boris a gindin juyawa da kuma cikin ƙafar kanta. A nemi mai manyan ƙafafu: mai tsayin inci 4 ya fi mai inci 3 tsallake tsagar siminti da ƙananan tsakuwa nesa ba kusa ba. Ƙafar ƙarfe tana gudu da sauƙi, kuma ba ta lotsewa ko an bar mota wata shida a kanta, sai dai tana kankare daɓe mai fenti. Ta roba mai tauri tana lallaɓa daɓe, amma ta fi nauyin turawa.

Daɓen ma sai an duba shi. Doli yana son daɓen siminti ne mai sumul da aka share tas. A garejin da ƙasa ce ko yashi, irin na yawancin makanikanmu, nutsewa zai yi nan take.

Sai hatsari, wanda nake roƙon kada a raina. Da zarar mota ta hau doli huɗu, birkin hannu da giya sun tashi daga aiki, tunda ba tayoyinta ke taka ƙasa ba. Yawancin gareji an ɗan karkatar da daɓensa zuwa ƙofa don ruwa ya fita, kuma wannan ɗan gangaren ya isa ya tafi da ita. A sayi mai makulli a ƙafa, ko a sa waigi. Kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan doli. In aikin ƙasa ya taso, a sauke ta a ɗora kan jak mai tsayuwa, wato ƙarfen tokare mota da ba ya motsi, tukuna.