Hukumar shata iyakokin mazaɓu mai zaman kanta

Hukumar shata iyakokin mazaɓu mai zaman kanta ita ce wadda doka ta ɗora wa alhakin zana taswirar mazaɓu a maimakon 'yan majalisa, galibi bayan ƙidayar jama'a. Dalilin kafa ta a fili yake: idan aka bar wa ɗan majalisa alƙalamin zana mazaɓarsa, shi ne zai zaɓi masu jefa masa ƙuri'a tun kafin su zaɓe shi.

Maguɗin taswira yakan bi hanya biyu. Ko dai a cunkushe magoya bayan 'yan adawa cikin mazaɓu kaɗan, su ci da rinjaye mai yawa amma kujerunsu su ƙaranta, ko a warwatsa su ta yadda ba za su yi rinjaye a ko'ina ba. A Amurka ana kiran wannan "jerimanda", daga sunan Elbridge Gerry, gwamnan Massachusetts da ya sa hannu a kan irin wannan taswira a 1812.

Niyu Zilan ta kafa tata hukumar tun 1887, Birtaniya kuma a 1944. A Kanada, dokar 1964 ta ba kowane lardi hukuma ƙarƙashin jagorancin alƙali, wadda a yau take da mutum uku. 'Yan majalisa na iya gabatar da ƙorafi, amma yanke hukunci na hukumar ne.

A Amurka ne aka fi kai ruwa rana, domin a yawancin jihohi majalisar jiha ce ke zana taswirar. Jama'ar Arizona sun karɓe wannan iko ta ƙuri'ar raba gardama a 2000. Majalisar jihar ta garzaya kotu, amma a 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta goyi bayan hukumar da alƙalai 5 a kan 4. Hukumar Kalifoniya, wadda aka amince da ita a 2008, tana da mutum 14: biyar-biyar daga manyan jam'iyyu biyu, huɗu kuma ba sa cikin ko ɗaya. Mishigan ta biyo baya a 2018 da mutum 13 da ake zaƙulowa ta hanyar canki-canka daga cikin waɗanda suka nema. Muhimmancin waɗannan hukumomi ya ƙaru a 2019, da Kotun Ƙoli ta ce kotunan tarayya ba su da hurumin sauraron ƙarar maguɗin taswira don fifita jam'iyya.

Sai dai suna kaɗai ba ya sa hukuma ta tsaya da ƙafarta. Abin dubawa shi ne wa ke naɗa membobin, kuma ko majalisa na da ikon sauya abin da suka zana. Inda aka raba kujeru daidai tsakanin jam'iyyu biyu, aikin kan cije. Haka ta faru a Bajiniya a 2021, inda hukumar mai mutum 16, rabinsu 'yan majalisa, ta kasa cim ma matsaya, har sai da Kotun Ƙolin jihar ta karɓi aikin.