Yaushe Ya Kamata a Harbi Macen Barewa? Amsoshin Tambayoyin da Suka Ishe Ni

Tun da na fara fita farautar barewa a jihar Wiskonsin ta Amurka, babu shekarar da watan Satumba zai kama ba tare da 'yan uwa da suka yanki lasisi a karon farko sun tare ni da tambayoyi iri ɗaya ba, wasu a harabar masallaci bayan an idar da Juma'a, wasu ta waya a lokacin da ya kamata a ce kowa ya kwanta. Na tattara su a nan domin in huta da maimaici. Barewar da nake nufi ita ce mai farar wutsiya, wadda namijinta kaɗai ke da ƙaho, kuma yakan zubar da shi kowane hunturu ya sake toho da wani. Dokokin da na ambata na Wiskonsin ne, wanda yake zaune a wata jiha ya nemi na jiharsa.

Doka ta yarda a harbi mace?

Ta yarda, idan kana riƙe da izinin barewa marar ƙaho. Izinin gunduma ɗaya ba ya aiki a wata, kuma na filin mutum ba ya aiki a dajin gwamnati. Duk wannan a rubuce yake a jikin takardar, ka karanta ta.

Ba zalunci ba ne a kashe uwa a bar namiji?

Na fahimci inda wannan tausayin ya samo asali. Mu da muka taso a ƙasar da barewa ta zama abin da ake ji a tatsuniya, mun ga abin da farauta ba ƙa'ida take haifarwa, don haka hannunmu yakan yi nauyi a kan mace. Amurkawa ma sun ɗanɗani irin wannan. Wajen shekarar 1900 barewar nan ta ragu har ba ta wuce rabin miliyan ba a ƙasar baki ɗaya, shi ya sa jihohi suka haramta taɓa mace na tsawon shekaru, har abin ya zama kamar addini a wurin tsofaffin mafarauta. A 1943, da Wiskonsin ta buɗe farautar mata bisa shawarar masana irin su Aldo Leopold, jama'a sun yi ca har suka laƙaba wa shekarar sunan laifi.

Yau kuwa ana ƙiyasta barewar ta kai miliyan 30. Mace mai ƙoshi tagwaye take haifa kusan kowace shekara, namiji ɗaya kuma yana iya bin mata da yawa, saboda haka kashe maza kaɗai ba ya rage garke. Idan garke ya fi ƙarfin daji, sai ya cinye kowane toho har iya inda baki ya kai, ya faɗa gonakin masara da waken suya, ya riƙa karo da motoci a kan titi, ƙarshe yunwar watan Fabrairu ta yi masa abin da harsashi bai yi ba. Wanda ya taɓa ganin gawar ɗan barewa a cikin dusar ƙanƙara, haƙarƙari a waje, ba zai ƙara yi mini wannan tambayar ba.

Idan na harbe ta, ɗanta ba zai mutu ba?

Ba zai mutu ba. Ana haifar su a ƙarshen Mayu zuwa Yuni, kuma da sun yi mako goma suna iya rayuwa da ciyawa da ganye ko babu nono. Kafin a buɗe farauta a tsakiyar Satumba galibinsu sun haura wata uku. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da kawai nake kiyayewa shi ne, idan na ga ɗan ƙarami ne ainun kuma har yanzu da ɗigo-ɗigon fari a bayansa, alamar haihuwar makara ce, sai in ƙyale uwar ta wuce.

Da baka ya fi ko da bindiga?

Da wanda ka iya. Lokacin baka yana farawa a tsakiyar Satumba ya kai farkon Janairu, na bindiga kuwa kwana tara ne, daga Asabar ɗin da ke gaban bikin godiya na ƙarshen Nuwamba.

To a farkon lokacin zan harbe ta, ko in jira ƙarshensa?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ta da amsa ɗaya da za ta dace da kowane daji. Ra'ayina shi ne, a yankin gonaki na kudanci da tsakiyar jihar, inda barewa ta yi yawa, ka harbi macen farko da ta tsaya maka da kyau a cikin Oktoba, kada ka jira. Amma bari in faɗi dalilaina, sannan in faɗi inda suke da rauni.

Dalili na farko shi ne abinci. Barewa babba tana cin kimanin kilo biyu zuwa uku a kullum. Macen da ka ɗauke a farkon Oktoba maimakon ƙarshen Disamba ta bar wa sauran garken abincin kusan wata uku, a daidai lokacin da suke tara kitsen da za su shiga hunturu da shi. Na biyu shi ne barbara. Gajartar yini ce ke tayar da ita, kuma a nan takan yi ƙarfi daga farko zuwa tsakiyar Nuwamba. Mace takan karɓi namiji na kimanin yini ɗaya ne kacal, idan ba ta samu ba sai bayan kwana 28 ta sake dawowa. Inda mata suka yi wa maza yawa, wasu kan tsallake zagayen farko, cikin kuma na kwana 200 ne, ke nan 'ya'yansu za su zo a makare su shiga sanyi da ƙaramin jiki. Rage mata kafin barbara yana sauƙaƙa wannan, yana kuma rage wa maza wahalar bin macen da a ƙarshe tukunya za ta shiga. Na uku, kuma shi ne wanda mutane suka fi rainawa, shi ne sauƙi. A farkon lokaci mata suna fitowa kiwo da sauran haske, a kan hanyar da suka saba bi. Bayan kwana taran bindiga, wadda ta tsira ta zama malama, ba ta fitowa fili sai duhu ya yi. Na san mutane da yawa da suka bar mata goma suka wuce a Oktoba suna jiran mai manyan ƙaho, Janairu ta zo firizarsu babu ko tsoka. Garin neman gira suka rasa ido.

Sai dai akwai abin dubawa a ɗaya gefen. Farkon lokaci yana da zafi, a Satumba ma'auni kan haura digiri 25, nama kuwa yana bukatar ya sauko ƙasa da digiri 4 cikin hanzari. Idan ba ka da akwatin sanyi da ƙanƙara a mota, ko ba ka san mahaucin da zai karɓe ta a daren ba, ka jira sanyi ya sauko, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma barin nama ya lalace ya fi rashin harbi muni. Haka nan, wanda filinsa ƙarami ne, kadada goma ko ashirin, yana da hujja idan ya ce harbi da bin jini da jan gawa a mako biyun da ke gaban barbara za su iya sa babban namiji ya kauce wa wurin. Ni ban ga hakan yana daɗewa ba, sau da yawa bayan kwana biyu ko uku komai yakan koma yadda yake, amma ba zan rantse a kan filin da ban taɓa takawa ba. Masu cewa mata su ne tarkon da ke jawo namiji a Nuwamba su ma ba ƙarya suke yi ba, illa dai inda kake ganin mata takwas a yammaci ɗaya, ɗauke biyu ba zai sa namiji ya rasa abin bi ba. Mafita ita ce a yi harbin da wuri sosai, a bakin gona, nesa da kurmin da suke kwana, sannan a bar wurin ya huta daga ƙarshen Oktoba.

Akwai kuma shekarar da amsar ita ce kada a harba sam. Arewacin jihar daji ne mai tsananin sanyi, ga kyarkeci ga beyar, kuma bayan hunturun 2013 zuwa 2014, wanda ya yi muni ƙwarai, hukuma ta hana harbin mace a gundumomi da dama na arewa. Haka idan fari ya zo da cutar nan da ƙananan ƙudaje ke yaɗawa a ƙarshen damina, har ka fara tsintar gawarwaki a bakin rafi. A irin wannan hali jira yana da amfani, domin wanda ya jira ya ga abin da ya rage kafin ya rage shi. Ka ɗaura kyamara a bishiya tun Agusta, ka ƙirga mata da 'ya'yansu. Idan kusan kowace mace tana tafe da ɗa ko biyu, kuma ganyen da ke ƙasa da ƙirjinka duk an gwaguye shi, harba da wuri. Idan mata uku ɗa ɗaya ne a tsakaninsu, tohon daji kuma yana nan lafiya, ka saurara, wataƙila har baɗi.

Ga wanda ya makara, jihar takan ware kwana huɗu a Disamba na marasa ƙaho kaɗai, wasu gundumomi kuma suna ƙarawa daga 24 ga Disamba zuwa 1 ga Janairu. Da babu gara ba daɗi, amma a lokacin ne aka fi yin kuskuren da ke tafe.

Yaya zan bambanta mace da ɗan namiji?

Da ma wannan aka fara tambaya. A doka, duk barewar da ƙahonta bai kai inci uku ba marar ƙaho ce, don haka ɗan namijin bana, mai ƙullutu biyu a ka, halal ne a takarda. Amma wanda ya kashe shi ya kashe namijin da yake fatan gani nan da shekara uku, kuma naman da zai samu bai taka kara ya karya ba.

Ni ma na yi wannan kuskuren, a wata safiya ta Disamba, ina zaune a kan bishiya yatsuna sun ƙage. Barewa ɗaya ta fito ita kaɗai, ba ta ko tsaya ta shaƙi iska ba, na ɗauka mace ce na harba. Da na sauko na dafa kan, sai na ji ƙullutun nan biyu a ƙarƙashin gashi, masu tauri kamar ƙwallon goruba. Tun daga ranar ba na harbin wadda ta zo ita kaɗai. Jira su zama biyu ko uku ka gwada girmansu. Babbar mace tana da doguwar fuska da dogon wuya, jikinta ya fi tsawo a kan tsayi, kuma tsakanin kunnuwanta a zagaye yake. Ɗan bana fuskarsa gajera ce, jikinsa a dunƙule, idan namiji ne kansa a baje yake. Sau da yawa shi ne ke fara faɗowa fili saboda wauta, uwar tana baya tana taka ƙasa da ƙafa tana kaɗa kunne. Daga ƙarshen Disamba kuma a ƙara lura, domin wasu manyan maza sun riga sun zubar da ƙaho. Madubin hangen nesa bai kai kuɗin harsashin da kake ɓatawa a atisaye ba, ka saya.

Idan tana da ciki fa?

Duk macen da aka harba bayan tsakiyar Nuwamba, mai yiwuwa ne ta ɗauki ciki, sai dai a Disamba bai wuce ɗan abin da sai an duba da kyau a gan shi ba. Ga lissafin garke, wadda aka harba a Oktoba da wadda aka harba a Disamba duk ba za su haihu a Yuni ba. Idan zuciyarka ba ta natsu ba, wannan ƙarin dalili ne na harbi da wuri. Hukuncin abin da ke cikin kuwa, malaminka za ka tambaya. Abin da nake yi shi ne in ambaci sunan Allah lokacin sakin kibiya ko harsashi, idan na iske ta da sauran rai in yanka.

Mata nawa zan harba?

Iya yawan izininka da faɗin firizarka. Masana sukan ce ɗauke kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na manyan mata shi ke riƙe garke a inda yake. Mace ɗaya takan ba da tsoka kilo 15 zuwa 20. Sayar da naman haramun ne a doka, wanda ya yi maka yawa ka bayar ga shirin sadakar nama na jihar, ko ka raba wa maƙwabta.

Sai na kai ta gwajin cuta?

Idan a kudanci ka harbe ta, kai ta. Tun 2002 aka gano cutar ramewa da ake kira CWD a Wiskonsin, kuma ta fi kamari a gundumomin Dane da Iowa da kewayensu. Ba a tabbatar ta taɓa kama ɗan Adam ba, duk da haka hukumomin lafiya sun ce kada a ci naman dabbar da aka samu da ita, kuma dahuwa ba ta kashe abin da ke haddasa ta. Manyan maza sun fi mata ɗauka, amma wannan ba ya wanke mace. Ka rubuta rana da wuri a jikin kowace leda, kada ka haɗa naman barewa biyu, kada kuma ka yi kilishi ka rarraba wa jama'a kafin sakamako ya fito.

Na harbe ta, sai me?

Farke cikin nan take, ka rataya ta ta sha iska, ka yi mata rajista ta waya ko ta intanet kafin ƙarfe biyar na yammacin washegari. Bayan haka ne za ka turo mini hoto.